Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Fadamu da Madatsun Ruwan Ƙasar Rano da Iskar da Ke Ɗumama Duniya, Daga Bazara Zuwa Hunturu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda wuraren da ruwa ke kwanciya suke shan iska mai ɗumama duniya, suke kuma fitar da ita, da yadda yawan abin da suke fitarwa ke hawa da sauka bisa zagayowar shekara. An fara da ciyawar da ke tsirowa a gindin teku, sannan aka dawo da batun gida, wato yankin Yalwa da ke ƙasar Rano, inda madatsun Tiga da Ruwan Kanya da gonakin shinkafa suka sauya fasalin ƙasa tun daga shekarun 1970. Maƙalar ta nuna cewa bazara da damina da kaka da hunturu kowanne yana da irin iskar da ya fi fitarwa, kuma dabarar rage ta ita ce kuma dabarar tsimin ruwa. An taɓo matsalar kalmomin da Hausa za ta ɗauki wannan ilimi da su.

Fitilun kalmomi: fadama, iskar taɓo, Tiga, shinkafa, kachalla, sauyin yanayi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kududdufi a tsakiyar bazara ya san abu biyu: ƙafa na nutsewa a taɓo sai ƙananan kumfa su riƙa tasowa, sannan wani wari ya bugi hanci. Bahaushe ya daɗe da lura da haka, har ya ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne bayyana mene ne a cikin kumfar. A shekarar 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya tara irin wannan kumfa a bakin tafkin Maggiore, ya kusantar da wuta, sai ta kama. Wannan iska ita ake kira metan a yau, kuma tana sahun gaba cikin abubuwan da ke ƙara wa duniya zafi.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. A taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021, Nijeriya ta shiga cikin ƙasashen da suka yi alkawarin haɗa hannu a rage fitar da metan a duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, kuma a shekarar ne aka sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi ta ƙasa. A daidai wannan lokaci noman shinkafa yana ta bunƙasa a Kano da Jigawa da Kebbi, tun bayan shirin bashin manoma da Babban Banki ya ƙaddamar a 2015 da rufe iyakokin ƙasa a 2019. Manufofin biyu za su yi karo a gonar talaka, saboda haka ya kamata a fahimci lamarin da harshen da manomin yake ji.

2.0 Nau'o'in Iska Uku da Matsalar Suna

Rana na aiko da haske, ƙasa ta ɗauki zafi, sannan ta mayar da wani sashe nasa sama. Akwai nau'o'in iska a sararin samaniya da ke tare wannan zafi kamar yadda bargo ke tsare ɗumin jiki. Uku daga cikinsu ne suka shafi wannan nazari.

Na farko shi ne kabon-dayoksaid, wanda za a kira iskar kabon a nan. Tsirrai na shan ta yayin da suke girma, ruɓewa da ƙonewa kuma suna mayar da ita. Kafin zamanin masana'antu yawanta a sarari kimanin kashi 280 ne cikin miliyan. Yau ta haura 420. Na biyu shi ne metan, wadda ba ta wuce kimanin shekara 12 a sarari, amma ƙarfinta na tare zafi ya ninka na iskar kabon kusan sau 27 idan aka auna a tsawon shekara 100, kimanin sau 80 kuma a tsawon shekara 20. Na uku shi ne naitiros-oksaid, wadda mafi yawan abin da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa daga taki yake fitowa. Ta fi shekara 100 a sarari, ƙarfinta kuma ya ninka na iskar kabon sau 273, bisa ƙididdigar kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2021.

A nan manazarcin Hausa zai ci karo da wata tangarɗa. Kalmar “iska” tana ɗauke da ma'anar abin da ake shaƙa, da abin da ke kaɗawa, da aljani. Jam'inta, “iskoki”, ya riga ya zama na bori, don haka wanda ya ce “iskokin ɗumama duniya” zai iya sa mai sauraro a ƙauye ya ɗauki zancen wata fuska daban. Kafofin yaɗa labarai sun fi amfani da “gurɓatacciyar iska” ko “hayaƙi mai guba”, amma duka biyu suna ɓatar da mai ji, domin iskar kabon ba ta da launi ko wari, kuma da ita dawa da gero suke rayuwa. Wannan maƙala ta zaɓi “nau'o'in iska” a matsayin jam'i, tana kuma ba da shawarar a kira metan “iskar taɓo”, naitiros-oksaid kuma “iskar taki”, saboda kowane suna yana nuna wa manomi inda abin yake fitowa.

3.0 Darasi Daga Gindin Teku

A gaɓar tekun ƙasashe masu zafi akwai ciyawa mai saiwa da fure da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa marar zurfi, nau'inta ya kai kimanin 70 a duniya. Ana samun manyan filayenta a Banc d'Arguin ta Muritaniya da gaɓar Zanzibar. Filin da ta mamaye bai kai kashi 1 cikin 500 na gindin teku ba, amma an ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na kabon da teku ke binnewa duk shekara a ƙarƙashinta yake kwanciya. Ita da dazuzzukan bakin teku irin na Neja Delta, waɗanda suka fi na kowace ƙasa girma a Afirka, su ne aka yi wa laƙabin “shuɗin kabon” a wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009.

Sai dai rumbun da ke ajiya yana yoyo. Ganyen da ya mutu yana ruɓewa a cikin laka, wani kaso na kabon ɗin ya koma sama. Yawan abin da ke komawa yana bin lokaci: idan zafi ya tsananta ruɓewa na sauri, idan damina ta sauka kuma koguna na kwaso datti da taki da ruwan daɗi su zuba a gaɓa, sai lissafin ya sauya.

Babban darasin yana cikin gishiri. Ruwan teku cike yake da sinadarin salfet, dangin farar wuta. Ƙwayoyin halittar da ke rayuwa da salfet sukan riga masu samar da metan cinye abincin da ke cikin laka, abin da suke fitarwa kuwa shi ne iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Saboda haka lakar teku ba ta cika fitar da metan mai yawa ba. Ruwan daɗi ba shi da wannan birki. Ma'ana, taɓon fadamar ƙasar Kano ya fi lakar Zanzibar damar fitar da iskar taɓo, duk da cewa tsakaninsa da teku akwai tafiyar kusan kilomita 1,000.

4.0 Farfajiyar Nazari: Yalwa da Kewayenta

Ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ƙasa ce ta duwatsu da jar ƙasa, wadda ta fi arewacin Kano samun ruwan sama. Ruwa kan sauka daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta. A da, ruwan da ke kwanciya a yankin Yalwa da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya bai wuce na fadamu da rafuka da kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini ba, kuma mafi yawansa kan ƙafe kafin bazara.

Madatsar Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ta sauya wannan tsari. A tsarin farko tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 1.9, faɗin tafkinta kuma ya kai murabba'in kilomita 178. Daga nan babbar hanyar ruwa ta bi ta Ruwan Kanya ta gangara zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, inda aka tsara shayar da hekta 22,000 a zangon farko, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Alherin wannan aiki a bayyane yake: alkama da tumatir da albasa a rani, shinkafa a damina da bayanta, da kifi ga masunta. Abin da bai bayyana ga ido ba shi ne ƙasar da a da take bushewa wata bakwai yanzu tana jiƙe kusan shekara cur.

Ƙa'idar abin mai sauƙi ce. Inda ƙasa ke shan iska, ganye da kara da kashin dabbobi na ruɓewa su zama iskar kabon. Idan ruwa ya rufe ƙasa, iskar numfashi da ke cikinta kan ƙare cikin ɗan lokaci, sai wasu ƙwayoyin halitta da ba sa jure mata su karɓi aikin, su kuma metan suke fitarwa. Metan ɗin na fita ta hanya uku: ta kumfa, ta narkewa a ruwa tana sulalewa a hankali, da ta cikin jikin tsirrai. Shinkafa da kachalla da bado suna da ƙananan kofofi a cikin kara da saiwa, waɗanda suke kai wa saiwa iska. Ta nan ne metan ke bi ta fito, kamar hayaƙi a bututu. A gonar shinkafa, mafi yawan metan ta jikin shukar take fita.

5.0 Zagayowar Shekara

Abin da ke biye ya ginu ne a kan ƙa'idojin da aka tabbatar a tafkuna da gonakin ƙasashe masu zafi, an ɗora su a kan rabe-raben shekara na Bahaushe.

5.1 Bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyos. Ƙwayoyin da ke samar da metan sun fi aiki a laka mai ɗumi, don haka kowane taƙi na ruwan da ya rage yana fitar da iska fiye da kowane lokaci. A wannan lokaci ne kuma tafkin Tiga ke ja da baya saboda ban-ruwa da turiri. Raguwar ruwa na rage nauyin da ke danne laka, sai kumfar da ta taru ta samu hanyar tasowa, kamar yadda lemon kwalba ke tumfaye idan an buɗe marfi. Gaɓar da ruwa ya janye daga gare ta kuwa takan tsattsage, iska ta shige ta, abin da aka binne ya fara komawa iskar kabon. Manomin da ya dasa shinkafar rani bayan girbin alkama yana tsare ruwa a fangali a daidai watannin da suka fi zafi, wato ya haɗa sharuɗɗan biyu wuri guda.

5.2 Damina

Ruwan farko yana da nasa labari. Tun a 1958 wani masanin ƙasa, H. F. Birch, da ke aiki a Gabashin Afirka, ya nuna cewa busasshiyar ƙasa idan ta jiƙe takan fitar da iskar kabon mai yawa cikin 'yan kwanaki, tare da sakin sinadarin da ke ciyar da shuka. Wannan ne ya sa shukar ruwan farko ke tashi da ƙarfi, abin da manoma suka sani ba tare da na'ura ba. A wannan gaɓa, da kuma lokacin da ake zuba yuriya, iskar taki ta fi fita, musamman a ƙasar da ta jiƙe amma ruwa bai rufe ta ba. Ƙiyasin da ake aiki da shi a duniya shi ne kimanin kashi 1 cikin 100 na naitirojin ɗin da aka zuba a gonar tudu yana tashi a wannan siffa.

Idan marka ta kankama a Agusta, fadamu da kududdufai sun cika, rafuka sun kwaso ganye da kashin shanu da takin gonakin tudu sun zuba a tafki. Zafi ya ragu, amma faɗin ƙasar da ruwa ya rufe ya kai matuƙa, shinkafa kuma ta yi 'ya'ya ta fara ɗaukar ciki, lokacin da kofofin jikinta suka fi yawa. Saboda haka, idan bazara ta fi tsananin fitar da metan a ɗan wuri, damina ta fi ta faɗin wurin da ke fitarwa. A gefe guda, a daminar ce tsirrai ke shan iskar kabon fiye da kowane lokaci.

5.3 Kaka

Da ruwa ya ɗauke aka tsane gonaki don girbi, metan ɗin da ta maƙale a laka kan fita a ɗan lokaci, sannan samar da ita ya tsaya. Daga nan hukunci ya koma hannun manomi, dangane da abin da zai yi da karan shinkafa. Idan ya ƙone shi, hayaƙi da toka sun tashi, ƙasa ta rasa abinci. Idan ya binne shi ɗanye sannan ya sako ruwa nan take, ya tanadar wa masu samar da metan liyafa. Idan kuwa ya binne shi ya bar shi ya ruɓe a busasshiyar ƙasa fiye da wata guda kafin ban-ruwa, ko ya bai wa dabbobi ya mayar da takinsu gona bayan ya ruɓe, metan ɗin da za ta fita ta ragu ƙwarai.

5.4 Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi na rage kuzarin ƙwayoyin laka, kuma alkama da kayan lambu ba sa buƙatar ruwa ya kwanta musu. A gona, wannan ne lokacin da metan ta fi ƙaranci. A tafki mai zurfi kuwa akwai wani abu da ke faruwa. A watannin zafi ruwan sama-sama mai ɗumi yana zaune a kan na ƙasa mai sanyi ba sa gauraya, na ƙasan ya rasa iskar numfashi ya tara metan da iskar kabon. Idan iskar hunturu ta sanyaya saman, sai ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso. An lura da wannan juyi a manyan tafkunan Afirka ta Yamma irin su Kainji da Bolta. Abin da aka tara na watanni yana iya fita cikin 'yan makonni. Wanda ya auna tafki sau ɗaya a shekara, ko a rana mai daɗin fita kawai, lissafinsa zai zo da giɓi babba.

6.0 Abin da Ya Gangara Ƙasa

Ruwan Tiga ba a Kura yake tsayawa ba. Kogin Kano na haɗuwa da na Challawa, wanda shi ma aka datse a 1992, su zama Kogin Haɗeja, su gangara zuwa dausayin Haɗeja da Nguru. Madatsun sun rage ambaliyar damina da ke shayar da dausayin, sun kuma sa ruwa na gudana kaɗan-kaɗan har a rani. Wannan yanayi ne kachalla take so. Ta mamaye dubban hektoci, ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunta da manoma sakat, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Ta fuskar iska kuwa, kachalla na shan kabon da yawa tana girma, amma ganyenta na ruɓewa a ruwan da ba ya tafiya, jikinta kuma bututun metan ne. Yadda ake sakin ruwa a ƙasar Rano yana da hannu a abin da ke tashi daga taɓon Nguru.

7.0 Dabarun Ragewa da Tambayar Adalci

Shinkafa tana jure ruwa, amma ba ta buƙatar ya kwanta mata kullum. Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta yaɗa dabarar jiƙawa da busarwa bi da bi. Ana huda bututun roba mai tsawon santimita 30, a kafa shi a fangali, a kwashe ƙasar cikinsa. Bayan ban-ruwa sai a jira har ruwan da ke cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sannan a sake sakowa, in ban da lokacin fure da ake barin ruwa ya tsaya. Gwaje-gwaje sun nuna ana iya tsimin ruwa har kashi 30 cikin 100, metan kuma ta ragu da kashi 30 zuwa 50, ba tare da amfanin gona ya ragu ba. Dabarar ta fi dacewa da shinkafar rani, domin a marka sama ce ke da iko da ruwa. Tana da sharaɗi biyu: a daidaita zuba yuriya don kada iskar taki ta cinye ribar, kuma manomi ya tabbata ruwa zai zo ranar da yake buƙata. Wanda gonarsa ke wutsiyar hanyar ruwa ba zai yarda ya bar fangali ya bushe ba, sai ƙungiyar masu amfani da ruwa ta tsayar da rabo mai aminci.

Wajibi ne a auna lamarin da ma'aunin gaskiya. Noman shinkafa a duniya baki ɗaya kimanin kashi 8 cikin 100 ne na metan ɗin da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa, mafi yawansa kuma a Asiya. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa daga man fetur da gawayi ba. Manomin Yalwa ba shi ne ya ɗumama duniya ba, shi ne ma ke shan wahalar jinkirin damina da ambaliya. Hujjar da za ta karɓu a wajensa ita ce ta kuɗin man injin ban-ruwa da zai rage, da ruwan da zai isa maƙwabcinsa. Kuma idan aka zo kasuwar da ake biyan masu rage fitar da iska, al'ummar da ba ta fahimci abin da ake aunawa a gonarta ba ita za a yi wa sakiyar da ba ruwa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ruwan da ke kwance rumbu ne kuma bututu ne, kuma abin da yake fitarwa yana bin kalandar da manomin Hausa ya riga ya sani: zafi da janyewar ruwa a bazara, faɗin fadama da taki a damina, karan shinkafa a kaka, juyin tafki a hunturu. Aikin da ke gaban sassan nazarin Hausa a jami'o'i kashi biyu ne. Na farko, su haɗa kai da masana ƙasa da ruwa wajen tsayar da kalmomi, domin malamin gona da ɗan jarida da manomi su riƙa nufin abu ɗaya. Na biyu, su tattara kalmomin masunta da manoman fadama na Rano da Kibiya game da launin ruwa da warinsa da lokutan juyawarsa, tun masu riƙe da su suna raye, domin a cikinsu akwai lura ta shekaru aru-aru da mai na'ura zai buƙata kafin ya san ranar da ya kamata ya fita awo.